Ƙofar Motar Yaya

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce na yi wa yayana ɓarna. Yana da tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda ya gada daga mahaifinmu, yana jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da ƙauyukan da ke kewaye. Daga abin da take kawowa ake cefanen gidanmu, daga nan kuma ake biya mini kuɗin makaranta. Ran nan na ɗauki makulli ba da izini ba, wai zan koyi ja da baya, sai na haɗa ƙofar baya ta hannun dama da kututturen darbejiya. Ƙofa ta lotsa har ba ta rufuwa. Yaya bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai ka ɓata, kai za ka nemo wata." Sa'an nan ya ƙirgo kuɗi daga cikin waɗanda ya ajiye domin rajistata ya miƙa mini.

Neman sabuwar ƙofa ɓata lokaci ne. Ko da yake tun 1975 ake harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, an daɗe da daina yin 504, saboda haka duk mai irinta da gawar 'yar'uwarta yake raya ta. Na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa tare da wani dattijo mai gyaran bodi, wanda Yaya ya haɗa ni da shi.

Can na tarar da ƙofofi an jingine su sahu-sahu kamar allunan makarantar allo, kowace da launinta. A matsayina na ɗalibin harshe, kunnena ya fi idona aiki. Na lura cewa abin da Bahaushe ya riga ya san kamarsa a gida ya ba shi sunansa na gida, watau ƙofa da fitila da madubi, amma wanda bai san irinsa ba sai ya ara ya lanƙwasa, ya ce bamba, ya ce bodi. Kayan da aka tsallako da su kuwa ana kiransu 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam, ko da ba daga can suka fito ba.

Ina cikin wannan tunani na hango wata fara sol, fentinta na ƙyalli, na ce ita nake so. Dattijon bai tanka ba. Ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya riƙa bin jikinta da shi. A sama ya kama, da ya gangaro tsakiya sai ya faɗo ƙasa.

"Ka gani, ɗana? Nan ba ƙarfe ba ne. Ciko ne aka shafe, aka bi da fenti. Rana ta buge ta wata uku, sai ta tsage."

Ya kifa wata ya nuna mini gindinta, inda ƴan ƙananan hudoji suke domin ruwa ya tsiyaye. Idan suka toshe, tsatsa kan ci ƙofa daga ciki, alhali waje lafiya lau. Ya ce ƙarfen da ya zauna a ƙasashen sanyi gishirin da suke zubawa a titi ya kan cinye shi, na Legas iskar teku, namu na Arewa kuwa sai dai duka da lotsawa, amma ƙashinsa ƙalau.

Ta uku ta tsallake duk wannan jarrabawa, har na fara taya ta, mai kaya ya ce albarka, na ƙara. Sai dattijon ya fito da igiyar da ya auno tamu da ita tun a gida. Ta ɗara tamu tsawo.

"Baba, ba duk 504 ba ce?"

"Wannan ta doguwa ce mai ɗaukar kaya. Taku gajera ce."

Wadda muka saya daga ƙarshe shuɗiya ce, mummuna, da ɗan taɓo kusa da mariƙi, amma maganaɗisu ya kama ta ko'ina, kuma maƙalanta ba su gurɗe ba. Da aka ɗaura ta, ta rufu da turi ɗaya. Kuɗin da ya rage ya kai na rajista da ƙyar, bai kai na fenti ba. Har yau motar fara ce mai shuɗiyar ƙofa, kuma yaran tasha sun daina kiran Yaya da sunansa, sai Mai Ƙofar Aro.