Mai rubuta wa aboki wasiƙa

A kusan kowane ajin sakandare da ake haɗa maza da mata, akwai yaro mai kunya wanda ya fi kowa iya tsara zance a takarda. Shi abokai ke roƙo ya rubuta musu wasiƙar soyayya. Nakan tuna da irin wannan yaro, musamman wanda aka yi rashin sa'a yarinyar da ake aikensa wajenta ita ce shi ma yake so.

A zamaninmu littattafan soyayya na Kano ne ke yawo a ƙarƙashin tebur, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. A nan samari ke aron salo. Shi yaron kuwa ba ya aro. Abin da ke ransa yake zubawa, abokin ya sa sunansa a ƙasa. Idan yarinyar ta ba da amsa, shi zai kawo, a gabansa kuma za a karanta ana shewa.

Ana yaba kunya a gidajenmu, ta kuma cancanci yabo, amma a nan cutar mai ita take yi. A ganina ba samun yarinyar ne ke nuna ya girma ba (galibi ma jarrabawar WAEC kan zo ta watsa kowa). Ya girma ne ranar da ya iya duban abokinsa, murya na rawa, ya ce: "Abokina, daga yau ka rubuta da kanka."

Malamai, don Allah ku riƙa jan irin wannan yaro da hira.