Kwalin Da Za Ki Aika Wa Maraya, Me Kike Zubawa A Ciki?

Duk shekara idan watan Sha'aban ya kama, ni da wasu matan unguwarmu da abokan aikina mukan fara tara kayan da za mu kai wa marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira kafin ƙaramar Sallah. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da ofis, falon ɗaya daga cikinmu shi ne ma'ajiyarmu. Kowace mace takan ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu, ta haɗa wa kowanne kwalinsa shi kaɗai, ta kawo. Ni aka ɗora wa aikin buɗe kowane kwali in duba kafin ya fita, wai tunda ni ce nas. Abin da idona ke gani a wannan dubawa shi ya sa nake wannan rubutu.

Dabarar kwali ɗaya ga yaro ɗaya ba mu muka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 1990 wani mutum mai suna Dave Cooke, a garin Wrexham na yankin Wales a Birtaniya, ya ga halin da yara ke ciki a gidajen marayun ƙasar Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a ƙarshen 1989, sai ya tara jama'a suka kai musu agaji. Daga nan aka samu al'adar cika kwalin takalmi da 'yan kyaututtuka. A 1993 wata ƙungiyar Kirista ta Amurka mai suna Samaritan's Purse ta shiga shirin, daga baya ta karɓe shi gaba ɗaya, kuma a yau kwalayen suna isa ƙasashe fiye da ɗari. Su don Kirsimeti suke yi, tare da wa'azinsu, mu kuma don Sallah. Abin da na ɗauka a wurinsu shi ne tsari. Sun raba yara kashi uku, 'yan shekara 2 zuwa 4, da 5 zuwa 9, da 10 zuwa 14, kuma dole ka rubuta a bayan kwalin na namiji ne ko na mace. Sannan suna da jerin abubuwan da ba su yarda a saka ba ko kaɗan. Wannan jerin ne mu muka fi buƙata.

Bari in faɗi wadda ta fi ci mini rai. Akwai matan da ke ɗaukar sadaka a matsayin hanyar sharar ɗaki. Na buɗe kwali na tarar da riga mai tabon manja a ƙirji, wando wanda zif ɗinsa ya mutu, takalmi ƙafa ɗaya lamba daban da ɗayar, 'yartsana ba hannu, littafin rubutu da aka cinye rabinsa da aikin gida na wani yaron. An kuwa naɗe kwalin da takarda mai ƙyalli, har da kintinkiri. Idan ka yi magana a ce maka ai wanda ba shi da komai ba ya zaɓe. To ni dai na tsaya a wurin rabo sau da yawa, na ga fuskar yaro lokacin da ya ɗaga rigar da ta yage a hammata. Ba ya cewa komai. Ninke ta yake yi ya mayar, sai ya koma kallon na kusa da shi. Yaro ɗan shekara bakwai ya san sabo ya san kwance, ya kuma san abin da aka ɗauke shi. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa ba a nufin mummunan abu a bayar, wanda kai kanka ba za ka karɓa ba sai ka runtse ido. Ma'aunin da muke amfani da shi ke nan: in ba za ki sa wa ɗanki ya je Idi da shi ba, kada ki sa a kwalin.

Amma a nan na saɓa da tsarin Turawan. Su sun hana kayan da aka taɓa amfani da su gaba ɗaya. Mu da muka san Ƙofar Wambai mun san cewa gwanjo mai kyau, wanda aka zaɓa a farkon buɗe dila, yakan fi wata sabuwar rigar leda da ke sakin ɗinki a wanki na biyu. Don haka ba na mayar da gwanjo in dai lafiyayye ne, an wanke shi da sabulu, an shanya a rana, an goge. Gugar nan ba ado kawai ba ce, zafin dutsen guga na taimakawa wajen kashe ƙwarƙwata da ƙwayar ƙazuwa da kan maƙale a ɗinkin tufafi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne kamfai da singileti da safa na kwance. Waɗannan sai sababbi, ko da guda biyu ne kacal.

Sai kuma abin da mai kyakkyawar niyya kan saka ba tare da ta san haɗarinsa ba, kuma a nan ne aikina na asibiti ke shigowa.

Magani ba ya shiga kwalin yaro, ko da farasitamol ne. Na san tunanin uwa: yaran nan ba su da kuɗin zuwa kemis, bari in sa musu kwalba ɗaya ta zazzaɓi. Sai dai maganin yara da nauyin jikinsu ake auna shi, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo, kuma idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, alhali a ranar farko yaron zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau. Kwalin kuma hannun yaro zai shiga, ba hannun uwarsa ba. Maganin ruwa mai zaƙi da launi, a wurinsa lemo ne. Wadda take son ta taimaka da magani ta kai kuɗinta ga ma'aikatan lafiyar da ke kula da wurin.

Kayan wasa masu ƙyalli da kiɗa, irin 'yar mota mai wuta ko tocilan ɗan yatsa, yawancinsu da ɗan batir zagayayye mai kama da maɓallin riga suke aiki. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu zai iya ƙona hanyar abinci. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa mai juyi ba, cire shi nake yi. Tunda maganar ta zo, ku riƙe wannan ko don 'ya'yanku na gida: in yaro ya haɗiye irin wannan batir kada a sa shi amai, a garzaya asibiti nan take. Idan ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti goma a kan hanya, amma kada neman zuma ya jinkirta tafiya.

Ga kwalin 'yan shekara 2 zuwa 4, ina ajiye kwalin nan na tsakiyar tishu a gefena. Duk abin da ya wuce ta cikinsa ya yi ƙanƙanta, zai iya shaƙe yaro: dutsen ado, marmara, ƙananan murafe, idon 'yartsana da ke ɓallewa. Balan-balan ma haka, domin idan ta fashe yaro ya zuƙi guntun, lafewa take yi a hanyar numfashi, fitar da ita kuwa aiki ne. Gyaɗa da alawa mai tauri su ma na manya ne.

Bindigar wasa ba ta fita daga hannuna. Mai harbi da 'yan ƙwayoyin roba tana tsiyaye ido, duk wanda ya yi aiki a asibiti a makon Sallah ya ga irin wannan. Bayan haka, da yawa cikin yaran da muke kai wa kaya, bindigar gaske ce ta raba su da garinsu, wasu a gabansu aka kashe mahaifinsu. Ban ga dalilin da za a miƙa musu hotonta a matsayin barka da Sallah ba. Haka nokawut.

Akwai kuma kayan kwalliya. Kwalli na dutse, wanda muka gada kaka da kakanni, an auna shi a wurare da dama an samu gubar dalma mai yawa a ciki, kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Na san wasu za su ce da shi aka raine mu ga mu nan. Ni dai ba na barinsa a kwali. Baƙin lallen roba kan sa fatar wasu yaran ta tashi, jan lalle na gargajiya ya wadatar. Man shafawa kuma basilin ya isa. Duk man da aka rubuta yana sa haske, ko na yara aka ce, waje. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin komai, domin masu shago sun san mai sayen sadaka ba ta cika dubawa ba.

To me ya rage a saka? Da yawa. Ni nakan fara da abu ɗaya babba, wanda da zarar yaro ya ɗaga murfi shi zai fara gani: ƙwallo da aka sace wa iska tare da ɗan famfonta, ko 'yartsana mai laushi, ko yadi mai kyau da aka riga aka ɗinka. Ku lura na ce ɗinkakke. Atamfa ko shadda ba ɗinki, a hannun bazawara mai 'ya'ya biyar a goman ƙarshe na azumi, nauyi ce aka ƙara mata, ba telan da zai saurare ta. Shi ya sa muke shiga Kantin Kwari tun a Sha'aban. Bayan babban abu sai na makaranta, littattafan rubutu, fensir, biro, abin fiƙe, fensir mai launi. Sai na tsafta, sabulu biyu, soso, buroshi da man goge baki, da mataji. Matajin nan na nace a kansa, saboda makero ta mataji da aska yake zagaye yara a inda ake cunkushe. Sabulun a ƙulle shi a leda daban, in ba haka ba biskit ɗin da ke kwalin ƙamshin sabulu zai koma yi.

Takalmi kada ya ɓace a lissafi, ko silifas ne. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa idan yaro yana taka ƙasar da bahaya ya gurɓata, ta zauna a hanji tana shan jini. Yaran da nake gani idonsu fari fat, wasunsu daga nan ne. Ki sayi wanda ya ɗan ɗara ƙafar mai wannan shekarun, babba ana jira a girma a sa, ƙarami kuwa ya tashi a banza.

'Yan mata masu shekara 10 zuwa 14 muna saka musu audugar mata da kamfai uku. Wasunsu ba uwa a kusa da za su tambaya, kuma ba za su iya buɗe baki su roƙi mai kula da su ba, balle in namiji ne. Muna naɗe ta a baƙar leda mu sa a can ƙasa, saboda a gaban jama'a ake buɗe kwalayen, kada abin alheri ya zama abin tsokana.

Wani abin da na lura da shi, kowa so take ta haɗa wa ƙaramar yarinya. Ribom, 'yan kunne, 'yar jaka, ga daɗin saye. Idan muka ƙirga sai mu tarar kwalayen ƙananan mata sun yi tsibi, na samari 'yan shekara goma sha biyu kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, alhali su ne suka fi yawa a wasu wuraren. Su ne kuma suka riga suka saba a tsallake su. Haɗa musu ba wuya: jallabiya ko riga da wando, hula, ƙwallo, akwatin lissafi, tocilan mai cajin rana, ɗan turare. Yanzu ƙuri'a muke yi, wadda ta ciro namiji babba shi za ta yi wa, ba musaya.

Idan kaya sun haɗu mukan zauna mu daidaita. Wannan yakan jawo ɗan ɓacin rai, domin Hajiyar da ta cika kwalinta taf ba ta son a taɓa mata. Amma yara a jere suke zaune lokacin rabo. Wannan ya buɗe ya ga agogo da takalmin makaranta, na gefensa ya buɗe ya ga sabulu da fensir biyu, kuka ne zai tashi, wani lokacin har da dambe. Ba ma rage wa mai yawa sai dole, abin da muke yi shi ne ajiye ɗan kuɗi a gefe don cike wa masu ƙaranci. Shi ya sa muke roƙon kada a manne kwali da salatif, a ɗaure da roba kawai.

Shi kansa kwalin, mu nan takalminmu a leda ake ba mu, kwalin takalmi ba ko'ina ake samunsa ba, kuma damina ɗaya ta gama da shi. Mun koma sayen roba mai murfi ko 'yar jakar makaranta. Ashe mazubin ma kyauta ne. Yaron da ke kwana da mutum goma a ɗaki ɗaya ba shi da inda zai ajiye abin da yake nasa. Na koma wani wuri bayan watanni na tarar biskit ya ƙare, fensir ya ƙare, amma robar tana nan a gefen tabarma, yarinya ta zuba 'yan tarkacenta a ciki ta rubuta sunanta a murfi.

Ranar rabo kuma wayoyinmu a jaka suke zama. Wadda ta ba da kuɗi tana son shaida, muna ɗaukar mata hoton kwalayen a jere kafin a loda su a mota, da takardar da mai kula da wurin ya sa wa hannu. Fuskar yaro ba ta hawa Facebook ko WhatsApp. Bana sunaye sun riga sun fara shigowa, kuma kamar kullum, layin samarin ne har yanzu ba wadda ta ce a ba ta kafin ƙuri'a.