'Yan ci-ranin da ke rataye a bishiyoyin 37

Duk wanda ya zauna a Akra ya san 37. Sunan asibitin sojoji ne, amma ya bi tashar trotro da duk kewayen, tafiya kaɗan daga Nima da Mamobi. Motar da ke ɗauko ni daga Legon zuwa cikin gari ta nan take bi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda ya ɗaga kai a cunkoson wurin zai ga rassan maɗaci da darbejiya sun yi baƙi sun rankwafa, kamar an shanya musu tsummokara. Jemagu ne, dubbai a kan bishiya guda, kai ƙasa ƙafa sama, suna ta tsiwa da rana tsaka.

Ba irin ƙananan nan ba ne masu shiga rufin ɗaki suna cin ƙwari. Wannan babba ne, masana na kiransa Eidolon helvum. In ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 80, nauyinsa wajen giram 300, fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, gashin wuya launin busasshiyar ciyawa. Da ido da hanci yake neman abinci: mangwaro, ɓaure, 'ya'yan darbejiya, furen rimi. Yakan tauna, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. Ina jin daga nan muka samo zancen da muka taso da shi, wai jemage ta baki yake kashi.

Mutanen Akra na da nasu labarin. Wai wani sarki ne daga Kibi aka kwantar a asibitin, jemagun garinsa suka rako shi, ya rasu, su kuwa har yau suna jiran a sallame shi. Labarin yana yi mini daɗi, sai dai jemagun ba jira suke yi ba. Da ruwa ya fara sauka wajen Maris ko Afrilu, mafi yawansu sai su watse, su bi damina zuwa arewa inda kaɗanya da sauran itatuwan daji ke nuna. Lokacin da bishiyoyin 37 suka yi sauƙi, lokacin ne na Wagadugu ke cika. Rani a kudu, damina a arewa. Wanda ya fito daga gidan da ake zuwa ci-rani ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan tsari.

Gab da magariba ake ganin yawansu. Sai su ɗaga gaba ɗaya, sama ta yi duhu kafin duhu, masu sayar da kaya a tasha ko kallo ba sa yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ni dai na taɓa tsayawa fiye da rabin sa'a ayarin bai yanke ba. Masu bincike sun ɗaura wa wasu na'urar GPS, suka tarar a rani akwai mai yin nisan fiye da kilomita 80 daga Akra don cin abinci, ya dawo kafin gari ya waye. A Kasanka ta Zambiya, inda miliyoyi ke taruwa cikin wani ɗan kurmi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, an bi sawun wani da tauraron ɗan'adam har ya wuce kilomita 2,000.

Wannan yawon shi ne amfaninsu. Ƙananan iri, kamar na ɓaure da na loko, wanda mutanen Gana ke kira odum, jemage kan haɗiye su, ya kasayar da su yana cikin tashi, wani lokaci kilomita 75 daga uwar bishiyar. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa taron Akra, jemagu wajen 150,000, na iya watsa iri fiye da 300,000 a dare ɗaya. Katakon odum da kafinta ke yi wa tsada, da yawansa jemage ne ya shuka.

Ban ce zama kusa da su daɗi ne da shi ba. Akwai wari, akwai hayaniya, wanda ya ajiye mota a ƙarƙashinsu kuma zai wanke. Amma lissafin da ya fi damuna wani ne. Mace ɗa guda take haifa a shekara, ta riƙa yawo da shi manne a ƙirjinta. A gefe guda, wani nazari na 2011 ya ƙiyasta ana sayar da aƙalla 128,000 a shekara a kudancin Gana don nama, a kyafe. Ga sare bishiyoyin da suke kwana. Tun 2008 aka sa su cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

In kana Kumasi, akwai wani taron a bishiyoyin gidan namun daji, daura da Kejetia. In kana Akra, ka sauka a 37 wajen ƙarfe shida saura kwata, kafin Maris. Ka tsaya tsallaken titi, ba ƙarƙashin maɗacin ba.