Gani Ya Kori Ji?

Ya kai mai karatu, Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To akwai wani irin fim na ban tsoro da Turawa ke yi wanda a kan wannan magana ya kafa kasuwarsa, ko da yake masu yin sa ba su taɓa jin ta ba.

Fim ne da ake shiryawa kamar ba shirya shi aka yi ba. Sai a ce wai kaset ne aka tsinta a daji ko a wani kango, masu shi sun ɓace, ba abin da ya rage sai abin da kyamararsu ta ɗauka. Hoto na rawa, murya na yankewa, hasken ma babu na kirki. A 1980 wani Ba'italiye, Ruggero Deodato, ya yi irinsa mai suna Cannibal Holocaust, hukuma ta ƙwace fim ɗin aka kai shi kotu, jama'a kuwa suka yi ta raɗe-raɗin cewa da gaske aka kashe 'yan wasan, alhali suna nan da ransu. A 1999 aka fito da The Blair Witch Project a Amurka, labarin ɗalibai uku da suka ɓace a dajin Maryland. Har takardun cigiyarsu aka buga don talla, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala miliyan 240.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne V/H/S na 2012, domin shi labarai ne da yawa a ƙunshi guda. Wasu ɓata-gari ne aka yi hayarsu su sato wani kaset a wani gida. Da shigarsu sai suka tarar da gawar wani tsoho a kan kujera, ga akwatunan talabijin a gabansa, ga kasa-kasai jibge. Suka shiga sa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane kaset labari ne mai zaman kansa, guda biyar, kowanne da wanda ya shirya shi daban.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka akun nan na Magana Jari Ce yake jero wa Musa ɗan sarki labarai. Sai dai shi aku yana yi ne don ya tsare yaron daga halaka, su kuwa waɗannan kasa-kasai masu kallonsu suke ci, duk wanda ya zauna ya kalla sai a neme shi a rasa. Duk da haka wani sai ya sake tura wani kaset ɗin. Kai, ɗan Adam da son ganin ƙwaƙwaf!

Ni dai ba dodannin ciki ne ke ba ni tsoro ba. Zuciyata ce. Na san sarai shiri ne, amma da zarar hoton ya fara rawa sai in ji ta ce mini ai wannan kam gaskiya ne. Wato lalacewar hoton ita ce shaidarsa. Mai tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ya sanar da kai ƙirƙira ce, shi kuwa wannan rantsuwa yake yi maka da idonka.

To jama'a, yau kaset ya kau, waya ta maye gurbinsa. Kullum ana turo mana guntun bidiyo mai rawa, babu sunan mai shi, babu rana, a ce wai ga abin da aka yi wa mutanenmu a wuri kaza. Mai fim kuɗin kallo kawai yake nema. Shi wanda ya haɗa wancan fa, me yake nema? Kafin ka tura wa wani, ɗan'uwa, tambayi wa ya ɗauka, yaushe, a ina. Ido ma ana yi masa ƙarya.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba, amin.