Ɗan da ya amsa sunan ubansa

Ana gobe rabon takin bashi, ƙanena ya kira ni daga Kebbe, muryarsa na rawa: "Yaya, manhajar ta ƙi." Ni ɗan jarida ne, ban san komai a harkar ba, amma na baro Tambuwal da la'asar don kada ya kwana shi kaɗai da fargaba.

Manhajar ta ƙungiyar manoman unguwarsu ce, ya rubuta ta da C++. Domin a riƙa sauya ƙa'idar rabo ba tare da sake gina ta ba, sai ya dasa mata Lua, ƙaramin harshen da masana uku suka ƙirƙira a Rio de Janeiro ta Brazil a 1993.

A cikin C++ ya yi aji mai suna Manomi, sannan ManominRani, wanda ya gaji duk abin da Manomi ke da shi, ya ƙara da injin ban ruwa. Lua kuwa ba ta san gado ba. Teburori ta sani. Duk dangantaka sai an faɗa mata, kamar baƙuwa a gidan biki. Wannan ya yi shi tun farko, da ya yi rajistar ajin ta sol2 ya ambaci ubansa.

Sarƙar umarni ce ta kayar da shi. Ya rubuta layi ɗaya: sa suna, sa gona, sa inji, kowane umarni yana miƙa manomin ga na gabansa. To, "sa suna" gadon uba ne, abin da yake miƙawa kuma Manomi ne zalla. Daga nan Lua ta daina ganin ɗan, sai uban, uban kuwa ba shi da inji. Ta tsaya cak.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da a C++ ya rubuta layin, da an kama kuskuren tun wurin gini. Lua sai da ta kai kan manomin rani na farko.

Bayan isha'i ya gano. Ya naɗe kowane umarnin gado, ya sa yana mayar da ainihin abin da aka ba shi, da ajinsa. Layuka kaɗan ne. Da safe na tsaya bayan sakataren ƙungiyar yana kiran sunaye, ina leƙen allon har aka wuce manomin rani na uku, sannan na tafi neman koko.