Numfashi a Bakin Gulbi

Ɗan Maraɗi ya san ruwa, amma sanin baƙo ya yi masa. Gulbin Maraɗi, wanda yake tasowa daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Jibiya, ya biyo ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri, watanni kaɗan yake yi yana gudu, sauran shekara kuwa rairayi ne. Duk da haka wannan baƙo ne ya ci tsohon gari a ambaliyar 1945, har aka mai da birni bisa tudu. Tun daga nan iyaye suka gaji tsoron gulbi, suka ɗauki hani a matsayin magani. Yaro kuwa, da zarar damina ta sauka an ba da babban hutu, sai ya saci jiki ya bi tsararsa zuwa tafki ko ramin da aka haƙa don buga bulo. Can yake koyon iyo, ba malami, ba mai tsaro.

Abin da irin wannan koyo ba ya bayarwa shi ne ilimin numfashi. Sau da yawa ba kasalar hannu ce take halaka mai iyo ba, firgita ce. Yana ɗaga kai da ƙarfi don ya shaƙi iska, ƙafafunsa su nutse, ya kurɓi ruwa, hankalinsa ya tashi.

Domin gyaran wannan ne masu horar da iyo suke amfani da tiyon numfashi, wanda ake ce wa tuba da Faransanci: ɗan bututu ne da bai cika wuce santimita 40 ba, gindinsa a baki, kansa a bisa ruwa. Fuska tana cikin ruwa, iska tana zuwa, kai bai motsa ba. Sai dai tiyon yana da ladubbansa. Leɓɓa ne suke riƙe shi, ba a dantse shi da haƙora, don kada muƙamuƙi ya gaji. Ana ja a hankali, a fitar har ƙarshe, domin ragowar iskar da aka fitar takan tsaya cikin bututun. Mai gajeren numfashi ita zai yi ta maimaitawa har jiri ya kama shi. In ruwa ya shiga, ba a zabura: harshe ya tare, a fesa da ƙarfi sau ɗaya, a ci gaba. Kuma ba a sauya shi da dogon tiyon ban ruwa, gama a zurfin mita ɗaya ma nauyin ruwa yana danne ƙirji har jan iska ya yi wuya ƙwarai.

Tiyon ba makarin nutsewa ba ne, ba kuma kayan shiga gulbi mai gudu ba ne. Amfaninsa shi ne ya raba numfashi da tsoro, har yaro ya gane cewa ana iya sa fuska cikin ruwa a natse. Wannan darasi kuwa bai jira sai an gina wurin wanka na zamani ba. Baho cike da ruwa mai tsabta a farfajiyar makaranta, da babba a tsaye, sun isa a fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021, yara kuma suna da kaso mai yawa. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don rigakafin nutsewa, ranar da take faɗowa tsakiyar damina da hutun makarantu. Malamai da ƙungiyoyin al'adu sun saba shirya wa yara kokawa da wasan kwaikwayo a lokacin hutu. Lokaci ya yi da za su nemi gwanayen iyo da masuntan Tafkin Madarunfa, su haɗa su da ɗalibai. Hani bai taɓa hana yaro zuwa bakin ruwa ba. Gara ya je yana sane da yadda zai ja numfashinsa.