Kafin maigida ya biya kuɗin mota, ki zauna a kujerar baya

'Yar uwa, idan maganar sayen mota ta taso a gida, yawanci maza ne ke zagaye ta, su buɗe gaba su saurari inji, su daki taya da ƙafa, ke kuma sai dai ki ji hon a ƙofar gida a ce ki fito ki sa albarka. Alhali ke da yaranki ne za ku fi kowa zama a cikinta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin dare ya koya mini cewa a yankinmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, motar gida ita ce motar asibitin iyali. Naƙuda ba ta sallama, zazzaɓin yaro mai sa shiɗewa ba ya jiran gari ya waye. Ranar da aka ce a wuce da marar lafiya Kano, a bi ta Ɗambatta cikin duhu, ranar ake sanin abin da aka saya.

Sabuwa dal a leda kam ta fi ƙarfin mai albashi, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Don haka zaɓinmu biyu ne: 'yar Kwatano, wadda aka hau a Amurka ko Turai kafin a kawo ta, ko ta hannu, wadda ta riga ta sha hanyoyin Nijeriya. A cikin motoci masu matsakaicin girma da ke ɗaukar mutum biyar, uku ne suka fi yawo a nan. Akwai Toyota Camry, wato Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 da Muscle ta 2007 zuwa 2011. Akwai Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda dillalai ke kira EOD ko DC. Sai Peugeot 406, wadda a da aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna.

Kowacce da halinta. Camry tana da haƙuri, kayan gyaranta sun cika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da wuya ki sami bakaniken da bai san ta ba. Sai dai an san wasu Muscle na 2007 zuwa 2009 da shan baƙin mai, wasu kuma dashbod ɗinsu na yin danƙo idan rana ta dake shi. Accord tana da daɗin tuƙi, amma ƙafarta ta gaba na son kulawa: idan aka yi sakaci da boljoyin, taya na iya turguɗewa ana tsakiyar tafiya. Ita 406 ta iya shanye gargada, amma tana son mai gyaran da ya ƙware a kanta, musamman wajen waya. Mu da muka tashi saye, Camry mai fulogi huɗu muka ɗauka, saboda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, mai fulogi shida ta zama kishiyar kuɗin cefane.

Inji da giya aikin bakanike ne, kuma ya zama naku ne da kuka zo da shi, ba wanda dillali ya nuna ba. Naki aikin yana baya. Ki shiga ki zauna. Ki ja kowane bel da sauri ki ga ko yana cijewa, ki tabbatar guda uku ne a kujerar baya kuma duk suna shiga makullinsu. Ki buɗe ƙofar baya ki duba gefenta, akwai ɗan maɓalli da idan aka tura shi yaro ba zai iya buɗe ƙofa daga ciki ba. Ki gwada shi. Ki sa hannu a tsakanin mazauni da majingina: motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga ƙarshen 2002 suna da ƙarafunan maƙala kujerar jariri a wurin. Ki ɗaga kafet ki shinshina. Warin ruma ko busasshiyar laka a ƙarƙashin kujera alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa cinyewa.

Sannan ki ce a kunna makulli kina kallon dashbod. Fitilar da aka rubuta wa SRS, ta balan-balan ɗin kariya, ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, a bincika, don ana kawo motocin da suka yi haɗari a ɗinke sitiyari babu komai a ciki. In kuma tana aiki, to ki sani da ƙarfin gaske take fashewa. Yaron da aka ɗora a cinya a gaba, ko aka bari ya tsaya yana riƙe da dashbod, shi za ta fara samu. Na sha wanke raunin yaran da birki kawai aka taka da ƙarfi, ba a ma yi karo da kowa ba. Wurin yaro baya ne, ko da zai yi kuka har Daura.

Taya ma kina iya karanta ta. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kin san yadda kwalta ke zafi a watan Afrilu. Kyan zane ba ya nuna ƙuruciyar taya.

Takardu kuwa, a ga shaidar biyan kwastan, a kuma gwada lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, da wadda ke cikin takarda. Mu da ke kusa da iyakar Nijar mun san yadda mota marar duti ke ƙarewa a hannun jami'ai.

Shawarata ta ƙarshe ta shafi aljihu. Kada a zuba duk abin da aka tara, har da kuɗin adashenki, a farashin mota. A rage na sababbin tayoyi, batir, juyen mai da gyaran birki. Gara tsohuwar da aka gyara tsaf da mai sheƙin da za a riƙa turawa da asuba. Ki faɗa wa maigida wannan cikin lumana, kafin ya ba da kafin alƙalami.

Ke wace mota kuke hawa a gida, kuma me ta koya miki? Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa abin hawanmu ya zama na alheri.